NAZARI: Dalilin tsadar intanet ɗin gida a ƙasar da ta tsallake zamanin wayar tarho

A Ingila, magidancin da ke son rage ɗawainiyar wata yakan nemi hanyar samun intanet a gidansa ba tare da biyan hayar layin tarho ba. Dalili kuwa shi ne, shekaru da dama intanet ɗin gida a can ta cikin tsohuwar wayar jan ƙarfe ta tarho yake shigowa, kuma ko mutum bai taɓa ɗaga kan tarhon ba, dole ya biya kuɗin layin duk wata. Yanzu haka ƙasar ta tsayar da ƙarshen Janairun 2027 a matsayin lokacin da za a rufe tsohon tsarin tarhon baki ɗaya.

A Najeriya matsalar ta zo ta wata fuska dabam. Mafi yawan gidajen ƙasar ba su taɓa ganin layin tarho ba, balle su nemi rabuwa da shi. An daɗe ana alfahari da cewa Najeriya ta tsallake zamanin wayar girke ta faɗa zamanin salula kai tsaye, kuma alfaharin yana da tushe. Sai dai tsallaken ya bar baya da ƙura. Gidan da babu wata waya da ta shiga cikinsa, ta iska kawai zai iya samun intanet, intanet na iska kuwa aunawa ake yi ana sayarwa. Shi ya sa iyalin da ke da ɗalibai, ko mai aiki daga gida, ko ƙaramin ɗan kasuwa, ke ganin datar wata guda ta ƙare tun kafin watan ya raba tsakiya.

Layin da bai taɓa isowa ba

An kafa kamfanin NITEL a 1985, bayan haɗe sashen tarho na hukumar gidan waya da kamfanin da ke kula da kiran ƙasashen waje. Har zuwa shekarar 2000, layukan tarhon da ke aiki a faɗin ƙasar sun tsaya a kusan 400,000, alhali jama'a sun haura miliyan 100. Samun layi a wancan zamani sai da hanya da dogon jira, kuma mafi yawan layukan suna ofisoshin gwamnati da kamfanoni da gidajen manya a birane ƙalilan.

A Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. A Agustan shekarar MTN da Econet, wanda a yau ake kira Airtel, suka fara aiki, ana biyan naira 50 a kan kiran minti ɗaya. Globacom ya shigo a 2003 da tsarin cajin daƙiƙa-daƙiƙa, Etisalat kuma a 2008. Cikin 'yan shekaru wayar hannu ta isa ƙauyukan da turken NITEL bai taɓa takawa ba.

Shi kuwa NITEL sai ya shiga hannun 'yan gwanjo. An ba kamfanin Pentascope riƙonsa a 2003, aka sayar wa Transcorp a 2006, gwamnati ta soke cinikin a 2009, daga ƙarshe rukunin NATCOM ya saye kadarorinsa kan dala miliyan 252, ya fito da sunan ntel a 2016. A tsawon wannan ja-in-ja, 'yan wayoyin jan ƙarfen da ke akwai suka lalace, wasu ɓarayi suka kwashe. Kamfanoni irin su Starcomms da Multi-Links da Visafone, waɗanda suka riƙa sayar da tarhon tebur mara waya, su ma ba su jure gogayya da manyan kamfanonin salula ba.

Abin da ƙasashen Turai suka gada daga zamanin tarho ya wuce wayar jan ƙarfe kanta. Sun gaji bututun da aka binne a ƙarƙashin tituna, da turakun da ke kan kowane layi, da izinin ratsa unguwanni har ƙofar kowane gida. Da zamanin faiba ya zo, wato siririn zaren gilashi mai ɗaukar saƙo ta hanyar haske, sai suka riƙa zura shi ta tsoffin hanyoyin nan. Kamfanin da ke son kai faiba gida a Najeriya kuwa, dole ya fara daga haƙa rami.

Abin da alƙaluma ba su faɗa

A Maris na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Shirin Intanet Mai Sauri na Ƙasa na 2020 zuwa 2025, lokacin Isa Ali Pantami na ministan sadarwa. Shirin ya yi alƙawarin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a, da saurin megabit 25 a daƙiƙa a birane da 10 a karkara, a farashin da bai wuce naira 390 kan gigabait ɗaya ba. Wa'adin ya cika alƙaluman NCC na kusa da kashi 50.

Ko wannan kashi 50 ɗin ma yana buƙatar bayani. Kusan dukkansa layukan salula ne masu 3G da 4G da 5G, kuma mutum ɗaya na iya riƙe layi biyu ko uku. Layukan da ke hawa intanet ta kamfanonin salula sun haura miliyan 130, amma masu rajista da kamfanonin da sana'arsu ita ce kai intanet gidaje da ofisoshi ba su wuce 'yan dubban ɗaruruwa ba. A ma'aunin ƙasa da ƙasa, masu intanet na girke a Najeriya ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba.

A ɗaya gefen kuma buƙata sai ƙaruwa take. A Janairun 2025 datar da 'yan Najeriya suka ƙona a wata guda ta haura terabait miliyan ɗaya. Karatu daga nesa, taron aiki ta bidiyo, talla a Instagram da TikTok, finafinai masu dogon zango a YouTube, duk sun koma abincin yau da gobe.

Ɗan lissafi zai nuna girman nauyin. Kallon bidiyo na awa ɗaya yana cin gigabait 1 zuwa 3, gwargwadon tsabtar hoton. Gidan da ake kallon awa biyu a rana zai ƙona gigabait 60 zuwa 180 a wata, ba a sa karatu da aiki ba. Ko da an samu farashin naira 390 da shirin gwamnati ya yi buri, gigabait 100 zai kama naira 39,000, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024. Gaskiya ne cewa mai sayen data da yawa a lokaci guda yana samun rangwame, to amma rangwamen na mai iya fitar da dunƙulallen kuɗi ne. Mai ƙaramin ƙarfi da ke sayen ta kwana ɗaya ko ta mako, shi ne ke biyan mafi tsada a kan kowane gigabait.

Zaɓi uku da ke gaban magidanci

Zaɓi na farko, kuma mafi yaɗuwa, shi ne rauta mai ɗaukar layin waya, ta 4G ko 5G. Ba ta buƙatar haƙa ko jiran ma'aikata: a saya, a jona da wuta, ta raba intanet ga wayoyi da kwamfutocin gida. MTN da Mafab sun ci gwanjon 5G a Disambar 2021 kan dala miliyan 273.6 kowannensu, MTN ya fara aiki da shi a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023. Kamfanoni irin su Spectranet da Smile su ma wannan hanya suka fi bi.

Raunin rauta yana tattare da yadda iska ke aiki. Kowane turken sadarwa yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma duk waɗanda ke ƙarƙashinsa rabawa suke yi. Shi ya sa intanet ɗin da ke gudu da asuba yake rarrafe bayan sallar isha, lokacin da kowa ya dawo gida. Shi ya sa kuma tsarin da ake tallatawa da sunan "mara iyaka" yake zuwa da sharaɗi a ƙananan haruffa: da zarar an kai wani adadi, sai a rage gudun. Kamfanin da ya bar kowa ya sha yadda ya ga dama, turkensa zai cushe. Ita kuma 5G, har yanzu a wasu sassan manyan birane kawai ake samun ta.

Zaɓi na biyu shi ne faiba har cikin gida, irin wadda ipNX da FibreOne da MTN da wasu ke shimfiɗawa. A nan ne ake samun intanet mara iyaka na haƙiƙa a kan kuɗin wata tsayayye, domin zaren gilashi ɗaya na iya ɗaukar abin da ya ninka buƙatar unguwa guda. Idan an riga an shimfiɗa shi, ƙarin gigabait ɗin da gida ya sha kusan ba ya ƙara wa kamfani wani kashe kuɗi. Ga gidan da ke shan data da yawa, babu hanyar da ta kai ta araha. Matsalarta ita ce ba ta zuwa sai inda kamfani ya ga zai mayar da kuɗinsa. A Abuja an fi samun ta a unguwanni irin su Maitama da Asokoro da Wuse da rukunin gidaje masu shinge, tana kuma ƙaranci a garuruwan kewaye irin su Mararaba da Suleja, inda ɗimbin ma'aikatan birnin ke kwana.

Zaɓi na uku shi ne tauraron ɗan Adam. A Janairun 2023 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki a cikinta, kuma kafin ƙarshen 2024 ya zama na biyu a yawan masu rajista cikin kamfanonin intanet na girke, bayan Spectranet. Yana aiki a duk inda faranti zai kalli sararin sama, ko a tsakiyar daji ne. Sai dai farashinsa na bin dala. A Oktoban 2024 ya nemi ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, NCC ta ce ba da izininta ba, aka dakatar. A 2025 kuɗin ya koma naira 57,000, wato sama da kashi 80 cikin ɗari na mafi ƙarancin albashi. Na'urar kuwa ta kai naira 590,000, albashin fiye da wata takwas. Shi ma tauraron yana da iyakar abin da zai ɗauka a kowane yanki, abin da ya sa a ƙarshen 2024 kamfanin ya dakatar da karɓar sabbin gidaje a Legas da Abuja na wani lokaci.

Ga ƙoshi a bakin teku, ga yunwa a cikin gari

Wanda bai san harkar ba zai zaci ƙarancin intanet ne daga waje ya jawo tsadar. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Bayan tsohuwar wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3, wayoyin MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, WACS da ACE a 2012, Equiano ta kamfanin Google ta sauka Legas a 2022, sai 2Africa da kamfanin Meta ke jagoranta, wadda ta sauka Legas da Akwa Ibom a 2024. Abin da waɗannan wayoyi za su iya ɗaukowa ya zarce abin da ƙasar ke sha nesa ba kusa ba. Wahalar ita ce ɗauko shi daga bakin teku zuwa Ilori ko Jos ko Maiduguri, sannan daga babban titi zuwa cikin lungu.

Babban shingen da ke kan wannan hanya shi ne kuɗin izinin shimfiɗa waya da jihohi ke karɓa a kan kowace mita. Tun a 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 kan mita ɗaya, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. A Mayun 2020 Jihar Ekiti ta sauko da nata daga naira 4,500 zuwa 145, Jihar Kaduna kuma ta yafe shi gaba ɗaya. Bambancin ba ƙarami ba ne. Shimfiɗa waya mai tsawon kilomita 10 a farashin 145 zai ci naira miliyan 1.45 na izini, a farashin 4,500 kuwa naira miliyan 45, tun kafin a sayi waya ko a ɗauki lebura. Wasu jihohin sun bi sahun rangwamen daga baya, wasu kuma sun rage a takarda suka ƙirƙiro wasu kuɗaɗen da sabbin sunaye.

Gwamnan da ke kallon kuɗin izini a matsayin harajin cikin gida yana karɓar kuɗi sau ɗaya ne, ya kuma kori jarin da zai daɗe yana haifar da sana'o'i masu biyan haraji. Kamfani ba ya gardama da irin wannan jiha, juyawa kawai yake ya kai wayarsa inda lissafi zai fita.

Dala, dizal da katafila

Ko an samu izini, sauran ɗawainiyar na nan. Wayar faiba da rauta da injinan turaku duk daga waje ake shigo da su. Bayan sakin naira a Yunin 2023, dalar da ake canzawa a kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Dubban turakun sadarwa da janareta suke kwana suke tashi, suna shan miliyoyin litocin dizal duk wata. A Afrilun 2024 kuma kuɗin wutar rukunin Band A ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit. Waɗannan ne hujjojin da kamfanoni suka gabatar lokacin da suka nemi ninka farashi, NCC ƙarƙashin Aminu Maida ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, karo na farko tun 2013, duk da adawar Ƙungiyar Ƙwadago.

Matsalar wuta ba ta tsaya a kan kamfani ba. A da, tarhon girke daga ofishin waya yake samun wutarsa, ko an ɗauke wutar gida yana aiki. Rauta da akwatin faiba da farantin tauraro kuwa, da an ɗauke wuta sun mutu. Saboda haka farashin intanet ɗin gida na gaskiya ya haɗa da na ƙaramin batir ko inbata ko sola.

Sai kuma yankewar waya. Katafilar ɗan kwangilar titi, da mai haƙa magudanar ruwa, da ɓarawon da ya zaci jan ƙarfe ne, duk suna datse faiba, kuma kowace yankewa kuɗi ce da a ƙarshe ake ɗora wa mai saye. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan umarnin da ya ayyana kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta tsananta hukuncin lalata su, a farkon 2025 kuma ma'aikatun ayyuka da sadarwa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa don kare wayoyin yayin aikin tituna. Amfanin matakan zai bayyana ne ranar da aka ga ɗan kwangila ya biya diyyar wayar da ya datse.

Kilomita 90,000 da tambayar da ta rage

Babban abin da gwamnatin tarayya ta sa a gaba yanzu shi ne shirin shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000, wanda Ministan Sadarwa Bosun Tijani ke jagoranta. An ƙiyasta zai ci dala biliyan 2, ya kuma ɗaga tsawon wayar ƙasar daga kusan kilomita 35,000 zuwa 125,000. Majalisar Zartarwa ta amince da kafa kamfani na musamman don aikin a Mayun 2024, Bankin Duniya kuma ya amince da rancen dala miliyan 500 a 2025.

Idan aikin ya tabbata, zai rage kuɗin ɗauko intanet daga Legas zuwa jihohin da ke nesa da teku, musamman na Arewa, zai kuma ƙarfafa turakun salula, domin su ma faiba ce ke ciyar da su. Amma babbar waya da ta isa hedikwatar ƙaramar hukuma ba ta isa ɗakin kowa ba tukuna. 'Yan mitocin ƙarshe, daga bakin titi zuwa ƙofar gida, su ne mafi tsada idan aka raba kuɗinsu a kan kowane magidanci. Don haka ƙimar shirin za ta dogara ne kan sharuɗɗan da za a gindaya: ko ƙananan kamfanonin Kano da Enugu da Yola za su iya hayar wayar a farashi ɗaya da manya, ko kuwa za ta koma hannun 'yan tsiraru.

Akwai matakan da ba sa buƙatar rancen waje. Jihohi na iya mutunta yarjejeniyar naira 145 ba tare da ɓoyayyun kuɗaɗe ba. Ana iya wajabta wa duk ɗan kwangilar da ke gina sabon titi ya binne bututun waya a gefensa, ta yadda za a yi haƙa sau ɗaya kowane kamfani ya yi haya. Hukumomin tsara birane na iya sa bututun intanet cikin sharuɗɗan amincewa da taswirar rukunin gidaje, kamar yadda ake yi wa ruwa da wuta. Asusun tallafa wa sadarwar karkara da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa na iya karkata ga unguwannin talakawa na gefen birane, waɗanda ba ƙauye ba ne, kuma kamfanoni ba sa ganin riba a cikinsu. NCC kuma na iya tilasta wa kamfanoni su bayyana adadin da ake rage gudu a kansa da manyan haruffa, daidai da girman kalmar "mara iyaka".

Kafin a kai can

Shi dai magidanci ba zai jira gwamnoni ba. Abu na farko da ya kamata ya sani shi ne yawan datar da gidansa ke sha a wata, kuma kowace wayar zamani tana nuna wannan lissafi. Gidan da shansa kaɗan ne, rauta ta ishe shi, muddin ya gwada layukan kamfanoni daban-daban a cikin ɗakinsa, da daddare, kafin ya saya. Gidan da ke shan ɗaruruwan gigabait, ya fara tambayar ko faiba ta ratsa layinsu, ya kuma ji daga bakin maƙwabta kwana nawa kamfanin ke ɗauka kafin ya gyara idan ta yanke. Inda ba ta iso ba, mazauna layi ɗaya ko rukunin gidaje na iya haɗa sunayensu su tunkari kamfani tare, domin gida talatin da suka shirya biya sun fi gida ɗaya jan hankalin mai shimfiɗa waya. Sai dai a kula, sayar wa jama'a intanet sana'a ce da ke buƙatar lasisin NCC.

Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A harkar intanet ɗin gida, tonon yana hannun jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya, waɗanda ke da iko da gefen titunan da wayar za ta bi. Lokacin da za a rubuta shirin da zai gaji na 2020 zuwa 2025, ma'aunin da ya dace a sa a gaba shi ne yawan gidajen da waya ta shiga da abin da suke biya a wata, a kuma riƙa wallafa shi jiha-jiha, domin mai zaɓe ya ga inda tasa jihar ta tsaya.